Hawan keke a bazara: rigar da tela zai ɗinka ta fi wadda ake talla a TikTok

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ayyana cire tallafin man fetur, keke ya dawo da martabarsa a kudancin Katsina. Litar man da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Babura da dama suka koma zaure suna shan ƙura, aka fiddo tsofaffin Phoenix da Raleigh aka kai wa mai gyara ya sa sabuwar sarƙa da taya. Yau a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ɗalibi a kan keke yake zuwa makaranta, mai POS da mai cajin waya a kansa suke zuwa shago, manomi a kansa yake kai taki gona.

Yawancin waɗannan matasa suna da waya a aljihu, kuma wayar ce ke nuna musu yadda mai keke ya kamata ya yi shiga. A TikTok da Instagram suna ganin 'yan tseren Turai cikin matsattsiyar riga mai sheƙi, aljihu uku a baya, zif tun daga wuya har ciki. Da mutum ya tsaya kallon irin wannan bidiyo sau biyu, sai tallar rigar ta fara binsa daga Facebook zuwa Jumia zuwa Temu. Wanda kuɗinsa bai kai ba sai ya ɗauki rigar Arsenal ko Barcelona daga cikin kayansa, yana ganin ai duk kayan wasanni ne.

Ga mafi yawan masu keke a wannan yanki, duka biyun asarar kuɗi ce, wani lokacin ma har da lafiya. Rigar da ta fi dacewa da bazarar nan ita ce mai yalwa, mai dogon hannu, mai hasken launi, ta yadi mara nauyi da iska ke ratsawa, kuma telan unguwa zai iya ɗinka ta a yini ɗaya. Dalilan suna cikin yadda jiki ke fitar da zafi, da yadda waya ke lalacewa, da kuma yadda ake kallon baƙon fuska a kan hanyoyin yankin.

Jiki ma yana ɗaukar zafi kamar waya

Duk mai buga wasa a waya ya san yadda bayanta ke yin zafi idan an matsa mata. Haka jikin ɗan Adam yake. Daga cikin ƙarfin da mutum ke ƙonawa yana taka feda, kusan kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ne kawai ke tafiya wajen tura keke. Sauran duk zafi ne da dole jiki ya fitar. A kan wannan kuma rana tana ƙara nata: da tsakar rana, idan gari ya yi garau, haskenta yana sauke kimanin wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita. A kwatanta da cajar waya mai sauri da ke ba da wat 18 ko 33.

A watannin Maris da Afrilu zafin arewacin Najeriya yakan kai digiri 40 a ma'aunin Selshiyos, kuma hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ta saba fitar da gargaɗi a irin wannan lokaci. Zafin fatar mutum bai wuce digiri 35 ba. Da zarar iskar gari ta fi fata zafi, iskar da ke bugun mai keke ta daina sanyaya shi da kanta, zafi ma take ƙara masa. Hanya ɗaya ta rage wa jiki, ita ce gumi ya bushe a kan fata ko a kan rigar da ke taɓa ta. Kowace lita ɗaya ta gumi da ta bushe tana kwashe zafin da ya kai kusan kilokalori 580. Gumin da ya zuba ƙasa ko ya taru a ƙugun wando bai sanyaya komai ba, ruwan jiki kawai aka yi asara. Mai keke a irin wannan zafi yana iya fitar da lita ɗaya ko fiye a awa guda.

Saboda haka aikin riga biyu ne: ta tare rana, ta kuma bar iska ta shiga ta busar da gumi. Duk rigar da ta kasa ɗaya daga cikin biyun ta kasa, ko da tambarin wane kamfani ne a ƙirjinta.

Me ya sa 'yan tsere suke matse jiki?

Suna da hujjarsu, kuma hujja ce mai ƙarfi. A gasar Tour de France ta Faransa, matsakaicin gudun wanda ya yi nasara yakan wuce kilomita 40 a awa. A irin wannan gudu, iska ce babbar abokiyar gabar ɗan tsere, domin turjiyarta tana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da gudu ya ninka sau biyu. Riga mai kaɗawa tana iya jawo masa asarar daƙiƙoƙin da za su raba shi da kofi. Ga kuma motar ƙungiya tana biye da shi da ruwan sanyi, yana gamawa ya tuɓe ya shiga wanka.

Saurayin da ya taso daga Ƙetare ko Pauwa zuwa cikin Ƙanƙara a kan Phoenix, da buhu ko jakar makaranta a kariya, da wuya ya kai rabin wannan gudu. Abin da matsattsiyar riga za ta rage masa na turjiyar iska bai taka kara ya karya ba. Kuma idan ya isa, ba wanka zai shiga ba. Zai shiga aji, ko ya zauna a shago, ya gaida manya, ya bi sahun Azahar. Rigar da ke fitar da surar jiki kamar an shafa fenti ba ta shiga waɗannan wurare ba tare da an bi mai ita da kallo ba. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. An ƙera rigar tsere don wata rayuwa daban.

Auduga ko roba? Bazarar nan kashi biyu ce

Shafukan masu keke na Turai da Amurka suna yawan cewa a guji auduga, domin tana shan gumi ta riƙe. Gaskiya ne tana sha. Zaren auduga yana riƙe danshin da ya kai kusan kashi 8 cikin ɗari na nauyinsa tun kafin a ce ya jiƙe, shi kuwa foliyesta, wato yadin roba, bai kai kashi 1 ba. A ƙasar da mutum zai hau dutse ya yi gumi, sannan ya gangaro cikin iska mai sanyi, jiƙaƙƙiyar auduga haɗari ce. A Faskari cikin watan Maris kuwa, wannan sanyin shi ake nema. Iska a bushe take, siririyar rigar auduga da ta sha gumi tana aiki kamar randar ƙasa: ruwa na tsattsafowa yana bushewa, abin da ke ciki yana sanyi. Shi ya sa wasu masu doguwar tafiya ke yayyafa wa rigarsu ruwa da gangan kafin su tashi.

Amma wannan yanki ba Jibiya ko Daura ba ne. Yana kudu, ruwa yana riga sauka a nan, kuma tun daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu iska take fara ɗaukar laima. Wannan shi ne zafin da ke hana barci, mutum ya yi wanka ya fito yana gumi. A lokacin auduga zalla ba ta bushewa da wuri. Tana mannewa a baya, ta yi nauyi, ta goge hammata, ta jawo ƙurajen zafi. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. A wannan kashi na biyu, yadin da aka gauraya auduga da roba, ko roba mai ƙananan huji kamar raga, ya fi sauƙi a jiki, kuma idan hadari ya kama mutum a hanya zai bushe da wuri.

Ke nan masu yabon roba ba ƙarya suka yi ba. Kyakkyawan yadin wasanni, irin wanda manyan kamfanoni ke saƙawa don ya ja gumi ya baza shi a waje, yana aiki sosai. Matsalar ita ce abin da ke isowa kasuwannin ƙauye da wannan suna yawanci ba shi ba ne.

Rigar ƙwallo ta kasuwa

A ɗauki jesin da ake sayarwa a kan tebur ranar kasuwa. Saƙarta a toshe take, ga katon tambarin mai tallafa wa ƙungiya na roba a ƙirji, ga lamba da sunan ɗan wasa na roba a baya. Ƙirji da gadon baya su ne inda mai keke ya fi yin gumi, kuma daidai nan aka liƙa abin da iska ba ta ratsawa. Idan an tuɓe ta bayan tafiyar awa ɗaya, za a ga shatin lambar a jiƙe a fatar mai ita. Hannunta gajere ne, wuyanta a buɗe, don haka damtse da ƙeya suna shan rana kai tsaye.

Ga kuma wari. A 2014 masu bincike a Jami'ar Ghent ta ƙasar Beljiyam suka karɓi rigunan mutanen da suka yi atisaye a kan keken motsa jiki, suka ajiye su na kwana guda, sannan aka gwada. Rigunan foliyesta sun fi na auduga wari, kuma an samu wasu ƙwayoyin cuta masu jawo wari da suka fi son zama a kan roba. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai jesi a aji bayan Azahar bai buƙatar a fassara masa sakamakon.

Son ƙungiya ba laifi ba ne. A ajiye jesi don gidan kallon ƙwallo da daddare.

Launi da yalwa

An saba cewa fari ya fi baƙi sanyi, kuma a kan siririyar riga da ke manne da fata haka ne. Sai dai akwai wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 1980, inda aka gwada baƙaƙe da fararen rigunan Larabawan hamada a hamadar Negeb. Baƙar riga ta fi ɗaukar zafin rana, amma zafin da ya isa jikin mai ita bai fi na mai farar riga ba, domin rigar tana da yalwa, iska tana zagayawa tsakaninta da fata ta fice da zafin. Darasin shi ne yalwa tana gaba da launi. Kakannin mutanen yankin nan da suka zaɓi babbar riga da kaftani sun san wannan tun kafin a auna.

Babbar riga dai ba ta hawa keke, sarƙa da ƙafar baya za su cinye ta. Abin da ake so shi ne a ɗauko hikimarta a rage tsawo: jamfa ko shat da ta tsaya a saman cinya, da tsagu a gefe biyu. Idan keke ya fara tafiya, iska za ta shiga ta wuya da hannu ta fita ta ƙasa.

Launi yana da wani amfanin kuma, wato direba ya ga mutum. A kan titin Funtuwa zuwa Gusau, wanda ya ratsa Sheme da 'Yankara, manyan motoci ba sa rage gudu don keke. Fari, ruwan ɗorawa, ruwan lemo ko shuɗi mai haske suna fitowa daga nesa. Ruwan ƙasa da ruwan toka suna sajewa da ƙurar gefen titi. Da magariba kuwa launi ba ya wadatarwa, sai an haɗa da abin da ke mayar da hasken fitila. Ɗan ƙyallen nan mai walƙiya da ake gani a rigar ma'aikatan hanya, idan aka ɗinka shi a baya, aka kuma ɗaura wani a idon sawu inda ƙafa ke motsi, direba yana saurin gane cewa mutum ne a kan keke.

Dogon hannu kuma ba don farar fata kawai aka yi shi ba. Baƙar fata ta fi jure rana, amma tana ƙonewa, kuma zafin da ke sauka a kan damtse tsirara jiki ne zai biya shi da gumi. A tallace-tallace ana ganin alamar UPF 50, ma'ana kashi 2 cikin ɗari kawai na hasken da ke ƙona fata ke ratsa yadin. Alamar gaskiya ce idan an gwada yadin, amma kowa yana iya buga ta a takarda. Ga mai tafiyar awa ɗaya ko biyu, dogon hannu na yadi mai matsakaiciyar saƙa ya wadatar.

Ina za a sa waya?

Nan ne riga take taɓa aljihun mutum kai tsaye. Wayar Tecno ko Infinix ko Redmi da matashi ya yi watanni yana tara kuɗinta tana da maƙiya biyu a kan keke, gumi da rana.

Gumi ruwan gishiri ne. Yana shiga ramin caji da na sifika, ya bushe ya bar gishiri, ƙarfen ciki ya fara tsatsa. Bayan wasu makonni sai waya ta fara ƙin karɓar caji, a yi ta zargin caja. Ko wayar da aka rubuta mata IP67 ko IP68, da ruwa mai daɗi aka gwada ta. Wayoyi masu sauƙin kuɗi da yawa ma iyakarsu IP53 ko IP54, wato yayyafi kawai, wasu kuma ba su da ko ɗaya. Aljihun baya na rigar tsere yana kwantar da waya daidai kan gadon bayan da ke zubar da gumi, rana kuma tana dukanta ta sama. Aljihun wando yana matse ta da cinya mai zafi, yana lanƙwasa ta a kowane taku. Aljihun ƙirji mara maɓalli kuwa, da mutum ya sunkuya duba sarƙa sai ta faɗo a kan kwalta.

Sai rana. Kamfanin Apple ya ce a yi amfani da iPhone a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, kuma batirin sauran wayoyi ma irin wannan sinadarin litiyom ne, zafi yana rage masa kwana. Wanda ya ɗaure waya a kan hannun keke cikin ranar Afrilu, allo a kunne, Strava ko Google Maps suna aiki, ga data a buɗe, zai ga hasken allo ya dusashe da kansa, caji yana zuba kamar an huda shi. Idan ya haɗa mata fawa bank a wannan hali ya ƙara wa wuta fetur.

Wuri mafi aminci shi ne ƙaramar jaka a jikin keke, a naɗe wayar a ƙyalle, allo a kashe. Manhajar da ke auna tafiya tana ci gaba da aiki ko allo ba ya kunne. Wanda ya fi son ta a jikinsa, sai tela ya yi masa aljihun gefe mai zif, a ɗaga shi sama kaɗan don kada ya riƙa bugun cinya, a sa wayar cikin ledar nan mai maƙalewa. A riga mai yalwa aljihu ba ya manne da fata, don haka waya tana samun iska. Rigar tsere ba za ta iya ba da wannan ba.

Riga shaida ce a kan hanya

Akwai abin da mai ba da shawara daga Landan ko Legas ba zai taɓa sa wa a lissafi ba. Ƙanƙara da Faskari suna iyaka da Zamfara, Sabuwa tana iyaka da Birnin Gwari ta Jihar Kaduna, kuma kowa ya san abin da yankin ya sha a hannun 'yan bindiga. Akwai shingayen sojoji da 'yan sanda, akwai jami'an tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023, akwai kuma mutanen gari da idonsu ke kan duk wanda ya tunkaro. Kafin a ji muryar mutum, shigarsa ake fara gani.

A dilolin gwanjo ana samun riguna masu zanen kakin soja, marasa nauyi, masu aljihu da yawa, ga araha. A ido sun dace da keke. A wannan yanki kuwa bai kamata farar hula ya kusance su ba. Rundunar soji ta sha gargaɗin jama'a kan sa kayan da suka yi kama da nata, kuma an sha ba da labarin maharan da suka zo cikin irin wannan shiga. Haka baƙaƙen kaya daga sama har ƙasa, haɗe da baƙin tabarau da ƙyallen da ya rufe fuska. Rufe hanci saboda ƙura yana da amfani, amma a sauke shi tun daga nesa idan an tunkari shinge ko bakin gari, a cire abin sauraro daga kunne, a yi sallama. Saurayi cikin farar jamfa ko shat mai haske, fuska a buɗe, ya yi kama da abin da yake: ɗan makaranta, ɗan kasuwa, ɗan wani.

Masu sha'awar doguwar tafiya

Ana samun matasan da ke son yin irin abin da suke gani a YouTube, su ɗaure kaya a keke su bi gari-gari suna ɗaukar bidiyo. Sha'awa ce mai kyau, amma a nan riga ba ita ce tambayar farko ba. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta ce su zagaya ta Funtuwa. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da waɗannan uku, aka shafe watanni babu sabis. Halin hanya yana canzawa daga mako zuwa mako, kuma babu manhajar da ta kai direbobin tasha sanin wadda ake bi yau. Matambayi ba ya ɓata. A bi babban titi, a tafi cikin ayari, a tashi bayan gari ya waye sosai, a sauka tun kafin La'asar ta yi sanyi. Hanyoyin daji a bar su.

A sauke taswirar Google Maps tun a gida don ta yi aiki babu data. WhatsApp yana ba da damar nuna wa wani inda mutum yake na tsawon awa 8, a kunna wa ɗan'uwa. Sannan a rubuta suna da lambar wani na gida a takarda, a sa a leda cikin aljihun riga, domin waya tana iya mutuwa ko ta kasance a kulle lokacin da ake buƙatarta.

Riga biyu sun isa tafiyar kwanaki: ɗaya a jiki, ɗaya an ɗauraye ta an shanya a kan kaya. Tsakanin sha biyu na rana da ƙarfe huɗu a nemi inuwa, musamman mai azumi. Babu rigar da ke maye gurbin ruwa. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya da fitsari mai duhu alamu ne na a tsaya. Idan abokin tafiya ya fara ruɗewa ko magana ba kan gado, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a nemi asibiti nan take.

Gwaji huɗu kafin a biya kuɗi

Yankin nan ƙasar auduga ce. Tun zamanin Turawa aka kafa gonar irin auduga a Daudawa ta Faskari, kuma Funtuwa ta yi suna da injinan gurza da masaƙa. Duk da haka, yawancin yadin da ke kasuwa yau daga waje yake zuwa, ta Kantin Kwari a Kano, kuma ba duk abin da mai shago ya kira auduga ne auduga ba. Gani ya kori ji.

Na farko, a kunna tocilar waya a bayan yadin. Idan haske yana fitowa ta ƙananan ƙofofi, iska ma za ta wuce. Idan ya toshe ɗif kamar tamfol, a ajiye. Idan kuma ana ganin yatsu sarai ta cikinsa, rana ma za ta wuce.

Na biyu, a kara yadin a baki a hura, a sa tafin hannu a ɗaya gefen. Ya kamata a ji iskar.

Na uku, a ɗiga ruwa. A yadi mai kyau ɗigon zai nutse ya bazu nan da nan. Idan ya tsaya ya dunƙule kamar a kan leda, haka gumi zai tsaya a jiki.

Na huɗu, a roƙi mai shago ɗan zare daga bakin yadin a kusanta shi da ashana. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi. Roba tana narkewa ta dunƙule ta yi tauri.

Shadda mai sheƙi da ta sha sitati da bugu ta Juma'a ce da biki, iska ba ta ratsa ta.

Abin da za a gaya wa tela

A ce masa ya saki kafaɗa da hammata. Wajen awo, mutum ya miƙa hannu gaba kamar ya riƙe kan keke, a auna a haka. Baya ya fi gaba tsawo kaɗan, don kada ƙugu ya buɗe idan an sunkuya. A yi ɗan wuya mai tsayuwa da zai rufe ƙeya, da maɓallai a ƙirji da za a iya buɗewa, da maɓalli a bakin hannu don a naɗe shi idan rana ta yi sanyi. Kada a sa shafi, kada a yi aiki mai kauri a ƙirji. Aljihun gefe mai zif, a gwada shi da ainihin wayar da za ta zauna a ciki. Wanda bai son ɗinki, a gwanjo ana samun shat mai dogon hannu ta auduga; ya ɗauki wadda ta fi shi girma da lamba ɗaya.

Za a samu wanda zai ce wannan shigar ba ta gayu ba ce, ba za ta yi kyau a bidiyo ba. Wannan ya danganta da tela da kuma launin da aka zaɓa, kuma telolin Funtuwa da Malumfashi ba su gaza wajen fitar da ɗinki ba. Rigar da aka yi oda ta intanet, sai ta iso sannan a san ko ta yi daidai, kuma mayar da ita daga Sabuwa wani aiki ne. Ta tela kuwa, idan hammata ta matse, gobe da safe a mayar masa ya buɗe. Kuɗin ya tsaya a gari, ragowar kuma ta sayi fitilar baya, da gorar ruwa ta biyu, da sabon birki, waɗanda duk sun fi tambarin ƙirji amfani a kan titin Sheme.